Zazzaɓin Da Ya Tsayar Da Motar Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai amaryar ƙanen mijina a Gwallameji ba, kuma ko na so mantawar, dangin mijina ba za su bar ni ba.

Lokacin ɗana na fari bai fara rarrafe ba. Sunan surukina aka sa masa, don haka Baffa muke kiransa, kuma a gaban surukai ko kallonsa sosai ba na yi, wai ni mai kara. Amma a cikin ɗaki, ko atishawa ya yi sai na duba idonsa da harshensa. Da ya taɓa yin wani zazzaɓi mai zafi, babansa ya sayo ɗan abin auna zafin jiki a kasuwar Wunti, irin mai batir ɗin nan. Shi ya auna shi a lokacin, ni kuma ina ta kuka, ban lura da yadda ya yi ba. Abin da na riƙe kawai shi ne, in lamba ta haura talatin da takwas, asibiti. (Ban yi nisa a boko ba, amma lamba kam ina ganewa, abin da ya cuce ni ke nan.)

Ranar bikin, ana ta guɗa ana shirin fito da amarya, na sauke Baffa daga bayana na ji jikinsa da ɗumi. Yaron da ya wuni a goye cikin leshi da rana! Amma hankalina bai kai nan ba. Na laɓe bayan ƙofa, na ciro abin daga jaka, na cusa masa a hammata, na jira. Na zaro na ga gilashin babu komai. Sai na danna maɓallin. Lamba ta fito: talatin da tara da ɗoriya.

Ihun da na yi, har masu kiɗa suka tsaya. Kuma ba Baffa na ce ba, sunansa na yanka na kira da ƙarfi, alhali mai sunan yana zaune a ƙofar gida. Hajiya, uwar mijina, ta karɓe shi tana salati. Babu motar da ke kusa sai wadda aka yi wa ado da furanni don amarya. Hajiya ta ce amarya ta jira, rai ya fi. Muka shiga.

Direba ya tada mota ke nan sai Na'ima, ƙanwar mijina mai karatun lantarki, ta leƙo ta taga.

"Anti, kawo abin in gani. Kin tashe shi kafin ki sa masa?"

"In tashi wa?"

Ta karɓa, ta kashe, ta ɗora shi a kan kujerar mota, ta ɗauka ta danna. Talatin da tara da ɗoriya.

"Hajiya," in ji ta, "kujerar ma a wuce da ita asibiti."

Ta yi mana bayani a nan tsaye, mata sun kewaye motar. Wai a cikinsa akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta kai ƙwayar wake ba, in ba a amfani da ita sai ta yi barci don kada batir ya ƙare, ta bar maɓallin kaɗai yana gadi. In ka danna ta farka, abin da take fara nunawa shi ne awon da ta yi na ƙarshe, sannan ta shirya wa sabo. Wato ni barci na sa ta yi a hammatar ɗana, na tashe ta, ta ba ni labarin tsohon zazzaɓi.

Na'ima ta danna, ta jira, ta sa masa, abin ya yi ƙara. Lafiyarsa lau. Shi kuwa gogan yana ta ƙoƙarin cusa ɗankunnen Hajiya a baki.

Fitowa daga motar nan ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi. Amarya na tsaye a lulluɓe, ƙawayenta na toshe baki da mayafi. Wata gwaggo ta ce, "Ashe dai ana son ɗan farin!" Hajiya ba ta yi mini faɗa ba, ta dai miƙo mini shi ta ce, "Ungo, je ki ba shi iska." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tsoro dai bai bar ni ba, har yanzu ni uwa ce mai saurin firgita. Amma na koyi cewa duk abin da ya tashi daga barci, mutum ne ko na'ura, ba a kama maganarsa ta farko. Sai a bari ya wartsake tukuna, kafin a tara jama'a.