Zakaran da Ya Ƙi Sabon Kwabo

"...lafiya lau muka tashi, sai dai ganinki da ya ɓata mini safiya," in ji tsohon, bai ko ɗago kai daga tebur ba.

"Ni ma ba kewarka ce ta kawo ni ba, Kaka. Ina asusun?"

"Ki gaishe ni sosai tukuna. Malamar makaranta guda, gaisuwa a tsaye kamar mai jiran mota."

"In na durƙusa a shagon nan ƙura za ta haɗiye ni. Ina kwana, ina gajiya, yaya gwiwa, yaya ragowar haƙora. To na gaishe ka. Ina asusun?"

Mai Agogo, haka duk layin ke kiransa, ya shekara hamsin da ɗaya yana gyaran agogo a wannan ɗan shago. Wadda ta shigo jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, tana koyarwa a makarantar ƙananan yara. Tun tana rarrafe suke wannan faɗa, kuma har yau ba wanda ya ci wani.

Agogo bakwai ne rataye a bangon shagon, duka suna nuna ƙarfe tara da minti goma, duka kuma nasa ne. Rabon da wani ya kawo masa gyara an yi wata uku, kowa ya koma duba lokaci a wayar hannu. Ɗansa ya riga ya gaya masa, cikin ladabi, cewa in watan nan ya ƙare ba aiki, gara ya bar wa mai sayar da waya shagon ya koma gida ya huta. Jikar ce ta samo masa mafita. Shugabar makarantarsu tana son asusu arba'in don a koya wa yara ajiya, ta ce a kawo mata guda ɗaya ta gani yau da ƙarfe goma sha biyu. In ya yi mata, aikin na tsoho ne. In bai yi ba, za ta aika kasuwa a sayo na roba.

Ya jawo wani abu da ya lulluɓe da tsumma, ya yaye a hankali. Akwati ne na katako, tsawonsa taƙi ɗaya, an goge shi sumul. A samansa zakara ne tsaye da jan zanko, gabansa ɗan faranti na tagulla, gefen farantin kuma tsaga.

"Wannan zakara ne ko angulu?"

"Ke da ko da'ira ba ki iya zanawa a allo ba. Tsaya ki ji yadda yake, ko kanki zai ɗauka." Ya zare murfin baya ya nuna mata da bakin matsefata. "Kin ga wannan siririn ƙarfen? Yana zaune ne a kan ƙusa, kamar sikeli. Gefe ɗaya faranti, gefe ɗaya noti. In yaro ya ɗora kwabo, nauyin kwabon ya rinjayi notin, faranti ya sauka, ya ja wannan 'yar wayar da ke ɗaure a wuyan zakara. Zakara ya sunkuya ya kai sara, kwabo ya zame cikin tsaga, ya bugi ƙararrawa a hanya. Da kwabo ya tafi, noti ya dawo da komai mazauninsa. Ba batir, ba wani. Ko jikan jikanki zai same shi yana aiki."

"Lacca ta ƙare? A nuna mana a aikace."

Ya buɗe wani gwangwanin shayi da ya yi tsatsa, ya ɗauko kwabo mai fāɗi, baƙi saboda tsufa, ya ɗora a farantin da yatsa biyu. Zakara ya sunkuya, kwabo ya zame, ƙararrawa ta ce ƙililin, zakara ya miƙe ya tsaya ƙyam.

Ta tsura wa zakaran ido, baki buɗe. Tsohon ya lura, ya ji daɗi har cikin ransa, amma bai bari fuskarsa ta nuna ba.

"Ba laifi," ta ce. "Wa ya yi maka?"

"Sau ɗari da ashirin na gwada shi, bai ƙi ko sau ɗaya ba. Na rubuta a takarda."

"Kawo in gwada da kaina, kada ya zama kai kaɗai yake jin tsoro."

Ta zuge jaka ta lalubo kwabo, irin wanda ake ba yara canji a kanti, ƙarami, fari fat. Ta ɗora a farantin. Zakara bai motsa ba. Ta ɗauke ta sake ɗorawa. Yana nan tsaye, yana kallon bango.

"Kaka, zakaranka ya yi barci."

"Ba ki iya ɗorawa ba ne. Hannunki na riƙe alli ne kawai."

Ya karɓa ya ɗora da kansa, daidai tsakiya. Farantin ya ɗan girgiza, ya tsaya.

"Wannan ba kuɗi ba ne," ya ce. "Murfin kwalba kika kawo mini."

"Shi ake kashewa a gari. Naka na gwangwanin nan, yaushe rabon da wani ya karɓe shi? Tun kafin a haifi babana aka daina kashe shi."

Ya jawo ƙaramin sikelinsa na awon sassan agogo, ya ɗora tsohon kwabo, ya duba, ya ɗora sabon, ya sake dubawa. Tsohon giram tara da rabi. Sabon giram uku. Ya cire tabarau ya goge, ko da yake ba abin da ya same shi. Mako biyu ya yi yana auna komai, tsawon ƙarfe, kaurin ƙusa, faɗin tsaga, amma bai taɓa tunanin ya fita ya nemo kwabon da yara ke riƙewa yau ba. Ya buɗe gwangwanin da ke gabansa ne kawai, kamar yadda ya saba.

"A zamaninmu," ya ce a hankali, "in kwabo ya faɗi a aji, har ofishin hedimasta ake jin ƙararsa. In yana aljihunka, ka san yana nan, wando ma ya sani."

"To sai mu tara yara arba'in mu kai su zamaninku su yi ajiya."

"Kuɗinku kamar ku yake, ba nauyi, sai ƙyalli."

"Naku kuma kamar ku, ga nauyi, ba mai karɓa."

Wannan ta shige shi, domin ta zo kusa da gaskiya. Ita ma ta gane, sai ta jawo akwatin gabanta da sauri ta leƙa ciki.

"Yanzu me za a yi? Goma saura kwata."

"Saura minti goma sha bakwai. A sake ƙera ƙarfen, a matsar da ƙusar, a sake lissafi. Kwana uku."

"Kwana uku! Kafin nan yara sun cika na roba. Ba notin ne ya fi ƙarfin kwabon ba? A cire shi a sa abu marar nauyi."

"Kamar me? Ƙwaƙwalwarki?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa hannu ta tsinke maɓalli ɗaya daga hannun rigarsa kafin ya ankara.

"Ke! Rigar nan ta girme ki!"

"Shi ya sa maɓallin ya gaji da ita. Kwance notin."

"Ni, in sa maɓallin riga a cikin aikina? Wanda ya koya mini sana'a, da ya ga haka, da ya kore ni da tsintsiya."

"Ba ya nan. Ni ce nan."

Ya kwance notin yana gunaguni, ya ɗaura maɓallin da zare a gurbinsa. Ta ɗora farin kwabo. Zakara ya sunkuya, kwabo ya zame, ƙararrawa ta yi ƙara. Ta daka tsalle ta tafa.

"Ka gani! Shekara hamsin da ɗaya, ni minti ɗaya!"

"Dubi zakaranki."

Ta duba. Zakara na nan sunkuye, baki a faranti, bai ɗago ba.

"Me ya same shi?"

"Kunya. Ya ji an sa masa maɓalli." Tsohon ya gyara zama, muryarsa ta dawo daidai. "Kan nan katako ne, Malama. Noti ne ke ɗaga shi. Maɓalli ba zai iya ba. In kin sa mai nauyi, kwabo ya kasa. In kin sa marar nauyi, kai ya ƙi tashi. Abin da ake koya wa 'yan aji uku ke nan, lokacin da ake koyarwa."

"To a sare kan."

"Ki fara da naki."

Ya ɗaga kan zakaran da yatsa, ya sake shi, ya faɗi. Ya sake ɗagawa. Yana jujjuya notin a ɗaya hannun, idonsa a kan ƙusar da zakaran ke lilo a kanta. Can sai ya daina jujjuyawa.

"Ba ni zaren can."

Ya rataya notin a jelar zakara, ya matsar da shi baya kaɗan, ya dawo da shi gaba kaɗan, har zakaran ya tsaya a daidai, kai bai rinjayi jela ba, jela ba ta rinjayi kai ba. Ya hura masa iska da baki, zakara ya yi lilo.

"Yanzu ya ɗauki nauyin kansa da kansa. Abin da ya rage wa maɓallin shi ne ya ɗaga faranti kawai."

"Wato dai maɓallina ya yi aiki."

"Maɓallina. Daga rigata kika sato shi."

Sai dai ba a kai wa shugabar makaranta zakara da noti yana reto a zare. Dole a huda ƙasan jelar a ɗaure shi da ɗan sukuru, yadda yaro ba zai iya cire shi ya sa a baki ba. Hudawar ba ta ba shi wuya ba. Ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya ɗauki sukurun da matsefata, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Yana kai shi bakin ramin sai hannun ya yi rawa, sukuru ya faɗi a tebur. Ya ɗauka. Ya sake faɗuwa. A karo na uku ya gangara ƙasa, sai da ta durƙusa ta nemo shi a ƙarƙashin kujera.

Ta ajiye masa sukurun a tebur ba tare da tsiya ba, shi kuma da ta yi masa tsiyar da ya fi masa sauƙi.

"Ga shi kin durƙusa, ƙura ba ta haɗiye ki ba," ya ce.

"Tebur ɗinka ne ke rawa, Kaka. Ƙafarsa ɗaya ta gaji. Matsa in gwada, ni na saba da teburan makaranta."

Ya san teburin lafiyarsa ƙalau. Ya cire gilashin ya miƙa mata.

"Ba a matse ido kamar mai ciwon haƙori. Sassauta. Riƙe matsefatar daga tsakiya. Juya dama. Dama na ce! Wace makaranta ce ta ba ki takarda?"

"Ka yi shiru, numfashinka na kaɗa zakaran."

Sukuru ya shiga. Suka gwada da farin kwabo sau ashirin, tsohon na ƙirgawa, zakara ya sara sau ashirin ya miƙe sau ashirin. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar ta naɗe akwatin a tsumma ta fita, ko sallama ba ta yi ba.

Ya zauna. Ya share tebur, ya jera kayan aiki, ya sake jera su. Mai sayar da waya ya wuce ta ƙofa ya gaishe shi da fara'a, idonsa na auna faɗin shagon. Tsohon ya amsa a taƙaice.

Ƙarfe biyu da kwata ta dawo hannu wofi, ta zauna a bakin tebur tana fifita da littafi.

"Ina zakarana?"

"An ƙwace. Shugaba ta rufe ofis tana ta ba shi kwabo, yara sun yi layi a taga. Mai gadi ma sai da ya sa nasa."

"Ba tarihi na tambaye ki ba."

"Arba'in. Nan da mako shida. Ta ce a yi wasu da agwagwa."

Ya juya ya dubi agogon bango kamar akwai abin da yake nema a can.

"Agwagwa ba ta sara. Amma za a duba."

"To, na tafi. Allah ya ba da sa'a. Sukuru arba'in, ga tebur mai rawa."

Ta miƙe ta rataya jaka, tana tafiya a hankali, tana jira. Ya bar ta har ta kai bakin ƙofa.

"Ranar Asabar ba ku da makaranta."

"Ina da barci."

"Akwai wata kujera a bayan kabad, tana tare mini wuri. In wani ya zauna a kanta, da ta yi amfani."

"Wani wa? Faɗi sosai, kunnena irin na zamani ne, ba ya jin magana marar nauyi."

"Wata mai surutu, wadda hannunta bai kai bakinta lalacewa ba."

"Ban ji ba."

Dariya ta ƙwace masa, har sai da ya dafa tebur yana tari. Ya shiga bayan kabad ya jawo kujerar, ya kaɗe ta da hularsa, ya ajiye ta kusa da tasa, a gefen da hasken taga ya fi faɗowa.

"Na ce ina bukatar hannunki, ja'ira. Kin ci. Ƙarfe bakwai da rabi, ba bakwai da minti talatin da ɗaya ba."

Ta dawo ta zauna a kujerar, ta gwada ta, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Takwas," ta ce. "Kuma ka zo da rigar nan, muna bukatar maɓallai."