Ƙuri'ar Awara

Layin da ke ƙofar Hadiza maƙwabciyarmu kullum yana ci mini rai. Awara take toyawa, ni ma awara, amma a Bodinga sai ka ce tata daga Aljanna aka sauko da ita.

Ni kuwa 'yar kasuwar zamani, na buɗe ƙuri'a a gurup ɗin unguwa: awarar wa ta fi daɗi? Har hoton tata na saka, don a ga bambanci.

An gani kuwa. Ni kaɗai na zaɓi kaina.

"Inna, har da ke?"

"Ƙarya zan yi ma waya, ɗiyata?"

Yanzu daga Sifawa ake zuwa wajen Hadiza. In na gifta, sai ta ɗago guda a matsami: "Manaja, zo karɓi albashinki!"