Rasuwar Kwat Ɗin da Ke Bayan Kujerata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baya mai cike da ciwo, ni malamin nan na ofishin kusa da matattakala, ina sanar da 'yan uwa malamai da ɗalibai rasuwar baƙar kwat ɗina, wadda ta ƙare rayuwarta a bakin aiki, rataye a bayan kujerata.

Kawuna ne ya ba ni marigayiyar ranar da zan je ganawar neman aiki. Ni ta yi mini yawa a kafaɗa, amma kujera ta zauna mata cif, a nan kuwa ta gano baiwarta. Kowa ya san jami'a ba ta ƙara wa malami girma sai ya wallafa bincike, kowa kuma ya san ba ta barinsa ya zauna ya rubuta. Sai muka raba aiki ni da kwat ɗin. Ita tana ofis, ƙofa a ɗan buɗe, fitila a kunne. Ni ina can ɗakin ajiyar tsofaffin littattafai, ina fama da takardar da ƙarin girmana ya dogara a kanta, wadda za a rufe karɓa ƙarshen zangon nan. Na daɗe a mataki ɗaya har wasu ɗalibaina sun tarar da ni sun wuce.

Ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa neman hutu ba. Duk wanda ya leƙo da aikin kwamiti ya gan ta, sai ya ɗauka na ɗan zaga ne, ya jira, ya gaji, ya kai wa wani. Ba ta da surutu. Sai dai in fanka ta juyo, maɓallin hannunta kan bugi ƙarfen kujera, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ɗaliban da ke jira a baranda su yi ta mamakin yadda nake duƙufa a kan kwamfuta. Bara shugaban sashe ya yaba mini a taro saboda rashin fashi, ni kuwa na miƙe na karɓi tafin a madadinta.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga yoyon silin. Na kai kuka ofishin gyare-gyare, suka ce suna nazari. Ruwa ya yi ta ɗiga a kafaɗarta ta hagu har ta yi fumfuna, ba ta koka wa kowa ba. Ranar da wa'adinta ya cika, shugaban sashe ya shigo da baƙi masu duba ingancin karatu, don ya nuna musu malamin da ba ya barin ofis. Da bai same ni ba, sai ya dafa kafaɗarta cikin alfahari. Ɓarrr, hannun kwat ɗin ya biyo shi. Daga aljihun ciki wata uwar ɓeraye ta diro, 'ya'yanta na biye da ita, kowa ya ga a can aka haife su, a can kuma aka yaye su. An ce baƙin sun rubuta wani abu.

Ta rasu ta bar tsohon tabarau a kan tebur, da kofin shayin da aka sha rabi, da wani littafi a buɗe wanda ba a taɓa juya shafinsa ba. Ta kuma bar dangi a ofisoshin maƙwabta, cikinsu akwai jakar hannun wata malama, da hular farfesan ƙarshen baranda, wadda ta girme ta a wannan sana'a ta kuma kai mai ita inda ya kai. Mai hular shi ya fi kowa yin tir da ni a taron da ya biyo baya.

Za a kai marigayiyar makwancinta, kwandon sharar bayan tsangaya, gobe da an tashi daga taron sashe. Masu ta'aziyya za su same ni a ofis, ni da kaina, daga safe har yamma, bisa umarni. Shugaban sashe ya riga ya zo ya yi tasa, da ya gan ni zaune kuma ya naɗa ni sakataren kwamitin kula da walwalar malamai.

Za a binne ta tare da takardata, wadda saura shafukan ƙarshe kawai ta cika. Ana roƙon jama'a su zo da wuri, domin ina da wani taron bayan nan.