Rasuwar Kwamfiresar Malam Attaher

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da takaici, Malam Attaher mai wankin ƙarfe na bakin tashar Dakoro yana sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfiresarsa, injin iskar da yake aiki da ita. Ta cika ranar Laraba bayan azahar, tana da shekara goma sha ɗaya a hannunsa.

Marigayiyar ta yi zamanta tana feshin rairayi a jikin ƙarfe har tsatsa ta kakkaɓe. Amalanken Kornaka da garmar Birnin Lalle duk sun fito daga gabanta fes, sai fenti. Ta san girman kowa. Ƙarfe mai kauri, Attaher kan kai allurar agogon iskarta lamba bakwai. Langalanga kuwa uku ko huɗu, daga nesa, da lallashi. Ba ta cin rairayi sai busasshe wanda aka tankaɗe sau biyu. In iska ta yi mata yawa takan ce "fsss" ta ɗan bututun da ke kanta, ta huce, ta koma "tuf-tuf-tuf" ɗinta.

Ajalinta ya zo ne ranar da Attaher ya tafi suna, ya bar makulli a gida. Ɗangoggo mai faci, yayan matarsa Uwale, ya karɓa. Shi a ganinsa, wanda ya taɓa ɗura wa tayar babbar mota iska ya gama sanin iska. Da Intalla makiyayi ya kawo kwamin shayar da raƙumansa na langalanga, sai Ɗangoggo ya zagaya bayan katanga, inda awaki da masu jiran mota ke fitsari, ya kwaso rairayi jiƙe sharkaf, har da kashin awaki, ya ɗura mata. Ta shaƙe. Ya ƙara iska. Ta ce "fsss", ya ce ɓarna ce, ya ɗaure bututun da waya. Kafin allura ta kai goma sha biyu kwamin ya huhhuje, ita kuma ta ce "gaf", ba ta ƙara ba.

Attaher ya dawo ya iske wurin cin abincinsa yana warin ƙonannen mai da zarni, Ɗangoggo na zaune yana ɓare gyaɗa, yana bayanin cewa dama tsufa ya kama ta. Zagi ya zo wa Attaher har kan harshe. Amma yayan mata ne.

"Sannu da aiki, Yaya," in ji shi. Har yau in ya tuna kalmar nan sai ya tofar da yawu.

Ta rasu ta bar tiyo ɗaya, da bakin tiyon guda biyu, babba da ƙarami, da rariya, da ƙyaure shida da tsatsa ke ci gaba da ci a zaure, da kuma Intalla, wanda ke shayar da raƙuma ashirin da bokiti.

Za a yi zaman gaisuwa kwana uku a rumfar aiki, ana roƙon masu zuwa su toshe hanci. An so a kai gawar Maraɗi ko makanike zai ce wani abu, amma Ɗangoggo ya aiko cewa a ba shi tankinta, zai tsaga ya yi abin gashin nama. Uwale ta ce ai ba a hana Yaya.

Za a ɗauke ta ranar Asabar da hantsi. Attaher ne zai kai masa har gida.