Muryata a Bakin Kura

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na bi muryata har garin Djougou ba, kuma ko na so in manta, yaran unguwa ba za su bar ni ba. (Ni ke faɗa, jikata ke rubutawa. Ban taɓa zama a bencin lakwal ba, wato makarantar boko, saboda haka in kun ga kuskure, na masu ilimi ne.)

Duk wanda ya zauna a unguwar Albarika ya san ni, in bai san fuskata ba ya san muryata. Da ita na raini 'ya'yana bayan rasuwar mahaifinsu. Da ita nake tsayar da mai zemijan, babur ɗin haya, daga wancan tsallaken titi, da ita nake sa mahautan kasuwar Arzèkè su ciro ƙashin da suka cusa mini a ƙarƙashin tsoka. In na yi gyaran murya a zaure, har kajin gidan sukan shiga taitayinsu. Wasu matan zinariya suka tara, ni abin da na tara ke nan. Mutane kan ce ina da sa ido. Ni kuwa na ce ido biyu Allah ya ba ni, ban ga dalilin ajiye ɗaya a ɗaka ba.

Surukata Rakiya, matar babban ɗana, malama ce a lakwal ɗin ƙananan yara nan Parakou. Yarinya ce mai ladabi, tun da aka kawo ta ban taɓa kama ta da komai ba, abin da ya sa ban taɓa sakin jiki da ita ba ke nan. Wata shekara aka zaɓe ta cikin malaman da za a koya wa sabon aiki, wai formasiyon. Aka ba ta wani gilashi mai faɗin faranti, sunansa tablet. Daga ranar ta koma shafa shi kamar mai lallashin jariri.

Na ce, "Ke Rakiya, wannan abin me yake ba ki?"

Ta durƙusa ta ce, "Inna, koya mana ake yi yadda za mu haɗa labari da hoto da murya. Yara su kalla su ji da harshen gida, sannan su maimaita da Faransanci."

Na ce, "To. Bakin naku na da can lalacewa ya yi?"

Ta yi murmushi ta tashi. Murmushin nan ma ban so shi ba.

Wata la'asar ina zaune a bayan ɗakinta ina tsintar wake (ba laɓe nake ba, wurin ya fi inuwa, kuma ba ni na sa tagar a nan ba), sai na ji tana waya da wata abokiyar aikinta. Rabi Faransanci, rabi Hausa, yadda suke yi in ba sa son tsoho ya gane. Amma rabin da na gane ya ishe ni.

"Ai ni na gama nawa," in ji ta. "Muryar tsohuwa na ɗauka. Wallahi kaf na ɗauke ta! Na yanka ta gida-gida, jibi a Djougou zan ɗora wa kura. Mushe, malamin da ke koyar da mu, ya ce in dai ta zauna daidai a bakin kurar, aiki ya yi."

Waken ya zube daga cinyata. Tsohuwa nawa ce a gidan nan? Ni da na girma ina jin ana ɗaukar sawun mutum a kai wa boka, ana ɗaukar gashi, ana ɗaukar ƙumba, yau ga masu karatu sun kawo ci gaba, murya ake ɗauka. Kuma ba a rasa inda za a kai ta ba sai bakin kura. Na ce lallai, shiru-shiru ba tsoro ba ne, shiri ne.

Washegari na tashi, na buɗe baki zan kira yarinya ta kawo mini buta. Abin da ya fito kamar an tura tsohon ƙyaure. Na sake gwadawa. Iska kawai. Murya ta tafi! (Cewa jiya da hantsi ina gidan suna, na sha zoɓo mai ƙanƙara kofi bayan kofi ina yi wa masu rabon abinci tsawa, wannan bai ko faɗo mini a rai ba. Mai neman hujja ba ya tuna ƙanƙara.)

Rakiya ta shigo da fuskar tausayi. "Sannu Inna, mura ce. Bari in dafa miki citta."

Na kau da kai. Ta kwashe ta gida-gida, yanzu kuma za ta bi ni da citta, wato a wanke ragowar. Ban gaya wa mijinta ba, don na san abin da zai ce: "Inna, kin fara ko?" Namiji in ya ga ana dafa masa doya da miyar agushi a kan lokaci, hankalinsa ya gama aiki. Na ce da hannuna zan kama ta, a gaban kurar.

Ranar da ta tafi, ta bi motar malamai da sassafe. Ina ganin ƙurar motar ta kwanta na yafa mayafi, na ce wa yaran gida da hannu za ni dubiya, na hau zemijan sai tasha. A taksin Djougou aka cusa ni tsakanin wani mai buhun gari da wata mai goyo. Direba yana gudu kamar ya saci motar, ni da a da ko kallonsa na yi zai rage, ranar sai dai in daki kujerarsa. Ya waiwayo ya ce, "Mama, waƙar ce ta yi miki daɗi?" ya ƙara sauti. Duk tsawon hanyar nan ina shirya jawabina a zuci. Jawabi ne mai kyau, da gabatarwa, da karin magana uku, da inda zan dakata in kalli kowa.

A Djougou, Zugu muke cewa mu tsofaffi, na yi ta raɗa wa mutane da yaren Dendi har wani ya gane lakwal ɗin da malamai suka taru nake nema. Na isa ana dab da azahar. Na leƙa ajin, sai zuciyata ta ce kin gani ko? Rana tsaka an rufe tagogi, an yi duhu. An rataya farin ƙyalle a bango. Wata 'yar na'ura tana fesa masa haske. Manyan mutane sun dunƙule a bencin yara, gwiwa har haɓa, kowa ya sunkuya kan gilashinsa. Wani dattijon malami yana dangwalar nasa da yatsa ɗaya yana janyewa, kamar mai gwada zafin tuwo. Na ce abin da ya rage wa wannan taro baƙin zakara ne kawai.

Ga Rakiya tsaye a gaba, kusa da wani siririn saurayi mai tabarau, shi ne mushen da ke koyar da su. Layinta ne ya zo.

Na ratsa tsakiyar benci, carbi a hannu, na tsaya a gabanta, na nuna ta da yatsa. Kowa ya ɗago yana kallona. Na ja numfashi na saki jawabin da na dafa tun daga Parakou.

"Hhh... ba ni... muryata."

Shi ke nan abin da ya fito. Ko karin magana ɗaya bai tsira ba.

Rakiya ta dafe ƙirji. "Inna! Lafiya? Wani abu ya samu yara?"

Na kama hannunta na matso da bakina. "Kurar. Ina kurar?"

Ashe kafin in shigo ta riga ta taɓa gilashin. Sai ga kura ta bayyana a farin ƙyallen nan, kurar da yara suka zana, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, ido kamar ƙwan zabo. Daga wani baƙin akwati a gefe kuma murya ta tashi, ta cika ajin har kwanon rufi yana amsawa.

"Ga ta nan, ga ta nanku!"

Muryata. Lafiyarta lau, ko tari babu.

A nan na tuna. Makonnin baya ƙaramar jikata Safiya ta yi zazzaɓi ta ƙi shan magani, bayan magariba na sa ta a cinya na yi mata tatsuniyar kurar da kwaɗayi ya sa ta cusa kai cikin tulun man shanu ta maƙale. A ɗakina ne, tsakanina da yarinya mara lafiya. A irin wannan wuri mutum yakan sauke rawani. To ga shi yau an baza a bango, gaban malaman jihohin Borgou da Donga.

Kurar ta yi ta tangaɗi da tulu a ka, ni kuma ina roƙo da bakinta, da wata siririyar murya ta munafunci da ban san ina da ita ba: "Yaya Akuya, 'yar gidan mutunci, ƙanwar uwata, ciro ni! Na tuba da nama, wallahi daga yau ganye zan ci!" Sannan kuka: "Wuuu-hu-hu-hu!" Sannan, don kada a bar mini komai, aka jiyo ni ina ƙyaƙyata dariya har da shaƙuwa, ina cewa, "Sha magani, 'yar lelen Inna, sha kada kura ta riga ki."

Ajin ya kece. Dattijon nan mai gwada tuwo ya cire hula yana share hawaye, ya ce da Hausarsa ta Zugu, "Mushe, wannan formasiyon ta yi kyau. An nuna mana kura, ga kuma kurar da kanta ta zo duba aiki!"

Da ƙasa tana da kirki da ta tsage a lokacin. Amma tsohuwa ba ta faɗuwa sau ɗaya, sai ta tashi ta nemi na biyu. Na jawo Rakiya na yi mata raɗa da iyakar ƙarfina, "Wa ya ba ki izini?"

Mushen ya ji. Ya matso da ladabi ya ce, "Hajiya, dokarmu ta farko ke nan. Ba a ɗaukar muryar kowa sai ya yarda, kuma yardar ma ana ɗaukarta. Madam, sa mana farkon."

Rakiya ta ce, "Mushe, a bar shi kawai."

Na girgiza kai, na nuna gilashin. A sa! (Kun ga ni da kaina na roƙi wuƙar.)

Ta taɓa. Aka ji muryarta ƙasa-ƙasa: "Inna, in ɗauka?" Aka ji tawa a sama: "Ke, ɗauki mana! Komai sai an tambaye ni a gidan nan? Ɗauki ki ba ni wuri!"

Kwanon kunun Safiya ne a gabana a daren. Na rantse da wanda ya halicce ni, kwanon na zaci take nufi. Shekara da shekaru in an ce ɗauka, abu ne mai nauyi da ake sa wa hannu. Wa ya sanar da ni cewa kalmar ma ta shiga lakwal ta fito da wata ma'ana?

Da dariyar ta lafa, mushen ya ce, "Hajiya, tunda ba ki fahimta ba a lokacin, yardar ba ta cika ba. Muryarki ce. In kin ce a goge, yanzu a gabanki za a goge."

Wallahi na so. Taɓawa ɗaya, kura ta koma kurma, ni in koma yadda aka san ni. Na dubi Rakiya. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Yaran ajinta ne suka zana kurar da akuyar, ita ta yi makonni tana daidaita baki da magana, kuma da wannan aikin za a auna ta a ranar. Ba ta roƙe ni ba. Da ma ta roƙa, da na samu abin ƙi.

Na yafito ta, na yi mata raɗa, ita kuma dole ta maimaita wa jama'a, don ranar surukata ce bakina.

"Inna ta ce a bar shi." Ta saurara. "Amma ta ce kurar ta rame da yawa, wadda ta ga man shanu ba ta zama haka." Ta sake saurarawa, tana danne dariya. "Kuma ta ce tatsuniya da rana tsaka kuke yi, duk wanda ya ɓata a hanyar gida kada ya ce ba a gaya masa ba."

Suka tafa mini kamar na ci zaɓe. Na fita da kaina a sama, na yi karo da bokitin wanke hannu a bakin ƙofa.

Tare muka dawo a motar malamai. Rakiya ta saya mini citta da zuma a tasha, kuma ba ta gaya wa mijinta ba. Ba ta ma buƙata, wayoyin malamai sun riga motarmu isa Parakou. Da muka shiga, ɗana ya gaishe ni yana kallon silin.

Muryar ta dawo bayan 'yan kwanaki, citta ce ta dawo da ita, ba boka ba. Ranar da na fara gwada ta, wasu yara na tarar a kan katangata suna tsinkar mangwaro. Na daka musu tsawar da a da takan sa yaro ya manta takalminsa. Ba wanda ya motsa. Ƙaraminsu, ɗan ajin Rakiya, ya haɗa hannu biyu ya langaɓar da kai ya ce, "Inna, 'yar gidan mutunci, na tuba da mangwaro, daga yau ganye zan ci!"

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na saye shi da tsada. Yanzu ko tsintsiya aka ce mini "in ɗauka?" sai na tambaya: mece ce, ina za a kai ta, su wa za su ji? Kuma ina ba tsofaffi 'yan'uwana shawara kyauta: kafin ki hau mota ki bi ɓarawo har Djougou, ki zauna ki tuna ko da bakinki kika ce masa ya ɗauka ya ba ki wuri.