Rasuwar Mbah, Na'urarmu Mai Ƙofa Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fargabar da ta hana ni sakat, ni Retno Kinasih, a madadin iyalan gidan rinin batik (yadin da ake zana wa ado da narkakken kaki kafin a rina) na Pakde Harjowinoto, yayan mahaifina, da ke nan birnin Pekalongan, nake sanar da 'yan uwa, ma'aikata, dillalai da maƙwabta rasuwar na'urar wayifai ɗinmu, wadda kowa ya sani da Mbah, wato Kaka. Ta cika ranar Talata da hantsi bayan doguwar jinya, a kan kantar da ta yi rayuwarta, tsakanin agogon bango da hoton marigayiya Bude Murtini, matar Pakde.

Mbah ta shigo gidan nan tun ina 'yar sakandare, fara sol, da ƙahonni biyu a miƙe da koren ido mai ƙiftawa. Ta hanyarta na nemi gurbin karatun kwamfuta a Semarang, ta hanyarta kuma na ga sunana cikin waɗanda aka ɗauka, don haka kada wani ya ce ban ƙaunace ta ba. Ba ta taɓa neman hutu ba. In ta gaji, a kashe ta a kunna, ta ce "ƙit", ta ɗan yi shiru, sannan ta ɗauki siririn kukanta na kullum, "ziiii", ta koma bakin aiki. Ta sha hayaƙin kakin da ake narkarwa, ta sha ƙaurin rini, ba ta yi ƙorafi ba. Har wata tsaka ta mai da bayanta ɗakin kwana saboda ɗumi, ba ta kore ta ba.

Amma halin da za a fi tunawa da ita shi ne karamci, kuma shi ne yake neman kai mu ƙasa. Mbah ba ta taɓa tambayar kowa daga ina yake ba. Direban da ya kawo farin yadi, mai tallar soyayyar ayaba, dillali, ɗan uwan dillali, da wanda ya rako ɗan uwan dillali, duk ta karɓe su hannu bibbiyu. Ƙofarta ɗaya ce. Wanda ya shiga da wayarsa don ya gaisa da iyalinsa, sai ta zaunar da shi ɗaki ɗaya da kwamfutar ofis, da na'urar buga takarda, da kwamfutar da ake ajiye sababbin zane-zanenmu kafin su hau yadi.

Ba laifinta ba ne, tarbiyyar da ta samu ce. Dokar Pakde ita ce baƙo da mai gida buta ɗaya suke shan shayi, ba a ware wa baƙo tasa. Da wayifai ya zo sai ya ɗauke shi wani shayin. Yana miƙa maka kofi yana faɗa maka kalmar sirri da ƙarfi, a gaban kowa, kuma kalmar sunan Bude ce. Bayan rasuwarta ya haramta a canza ko harafi ɗaya. Yau har masu keken haya na bakin titi sun san ta.

Bara, a taron gaisuwa da yafe wa juna da muke yi bayan ƙaramar Sallah, gidan nan ya cika maƙil, kowa da wayarsa ko kwamfutarsa. A lokacin Mbak Darsih, wato Yaya Darsih, babbar mai zanenmu, ta gama wani zane na zalɓe a cikin ganyen bado, wanda ya cinye mata daminar duka. Matan da ke mana aiki ba su kai ga gama ɗiga kaki a yadin farko ba, sai ga zalɓen Mbak Darsih rataye a kasuwa, bugun inji, a farashin da bai kai na tsumma ba. Ita da kanta ta ci karo da shi a jikin wata mai sayar da kifi. Ta dawo ta zauna gaban tukunyar kaki, ranar ba ta ɗauki kayan aiki ba. Matar da ke sayen kayanmu daga Jakarta ta fasa ciniki, aka sallami wasu daga cikin matan, yanzu suna can bakin teku suna shanya kifi da hannayen da suka yi shekaru suna zana fure. Ban san wanda ya ɗauka ba, kuma ba na zargin kowa. Na dai san ta inda aka bi.

Na nuna wa Pakde da idonsa. Na zauna a baranda kamar baƙuwa, na shiga da wayata, na buɗe masa zane-zanen ɗaya bayan ɗaya, har na sa na'urar ofis ta buga guda. Ya gyara tabarau, ya washe baki, ya ƙwala wa mutane kira: "Ku zo ku ga ikon Allah! Nduk, 'yata, ashe karatun nan bai tashi a banza ba, daga nan kike buɗe abu?"

Na ce, "Pakde, abin da na yi, duk wanda ka ba shayi zai iya yi. Sai an ware wa baƙi tasu ƙofar."

Ya ce, "Wanda ya sha shayina ba zai cuce ni ba. Ke dai Semarang ta koya miki zargin mutane. To sai in ce wa Haji Mustakim, wanda muka yi wasan ƙasa tare, ga naka can, ga namu nan? Da wane bakin?"

Na yi bayani har muryata ta dushe. Na ce layi biyu za a yi a na'ura ɗaya: na baƙi ya kai su intanet kawai, na gida ya tsaya a hannun ma'aikata, wani ba ya ganin wani. Na ce ko baƙon kirki ne, wayarsa na iya ɗauke da cutar da shi kansa bai san da ita ba. Ya ce Mbah ba ta iya wannan ba, kuma ba zai yar da tsohuwa tana da ranta ba. A nan ya yi gaskiya, ba ta iya ba. Sai muka ci gaba da zama da ƙofa a buɗe, kowa na cewa Allah zai kiyaye, kamar ba Allah ne ya ba mu hankalin rufe ƙofa ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da ruwan tekun da ke malalowa unguwa. Bai kai kantarta ba, amma danshin gishiri ya ci cikinta. Koren idonta ya koma ruwan lemo. Kukanta ya sauya, ya zama "zii, ƙit, zii, ƙit", kamar mai shaƙuwa. Aka ɗora ta kan jarida, aka kunna mata fanka, Pakde ya riƙa shafa kanta yana lallashi. Ranar Talata ta ce "ƙit" sau ɗaya, ido ya mutu, tsakar ta sauka ta yi tafiyarta.

Ta rasu ta bar kwamfutar ofis, wadda ta zama marainiya amma a karon farko take kwana lafiya. Da na'urar buga takarda. Da igiyar wutarta mai ɗaurin roba. Da jikoki wayoyi waɗanda ba wanda ya san adadinsu, daga nan har birnin Solo. Ta kuma bar sabon zanen Mbak Darsih na bana, kifaye cikin gajimare, wanda ba idon da ya gan shi a waje. Matar Jakarta ta yarda ta sake gwada mu da shi, ta kuma faɗa ƙarara cewa in ta gan shi a kasuwa kafin ya iso hannunta, mu da ita sai dai gaisuwa. In hakan ta faru, sauran matan ma bakin teku za su tafi, Mbak Darsih a gaba.

Taron bana ranar Asabar ne. Pakde ya riga ya sayo magajiya, sabuwa fil, wadda ta iya raba layi biyu cikin lokacin da shayi bai huce ba. Amma da kunnena na ji yana gaya wa Mas Gatot, mai shagon da ya sayar masa: "Ka saita ta yadda marigayiya Mbah take, sak. Suna ɗaya, ƙofa ɗaya. Kada yarinyar nan ta ruɗe ka da turanci."

Pakde, tunda a baki ba ka saurare ni ba, ga shi a rubuce, a gaban mutanenka. Ka tuna yadda Bude take karɓar baƙi. Ba wanda ya taɓa tashi daga barandarta da yunwa, mafi kyawun kofunanta na baƙi ne. Amma makullin ɗakin haɗa rini a wuyanta yake kwana, kuma Haji Mustakim ɗin da kake ji wa kunya bai taɓa leƙa ɗakin ba, bai kuma taɓa cewa an wulaƙanta shi ba. Ban ce a goge sunanta ba. A bar shi a layin baƙi, inda ita ma take zama, ka ci gaba da faɗarsa da ƙarfi kana miƙa shayi. Makullin ciki kawai nake roƙo.

Za a yi jana'izar Mbah ranar Juma'a bayan la'asar. Mbak Darsih za ta naɗe ta a ƙyallen da ya saura na zanen zalɓe, a sa ta a kwalin magajiyarta, a kai ta wurin masu karɓar matattun kayan lantarki a bayan kasuwa. Ba a buƙatar furanni. Wanda yake son yi mana ta'aziyya ta gaskiya, musamman dattawan da Pakde ke jin maganarsu, ya zauna kusa da shi ya sa baki.

Za a ci gaba da zaman makoki har ranar taro, kuma gidan da ake makoki ba a kunna wayifai. Masu zuwa ranar Asabar su taho da datarsu. Akwai shayi, akwai lopis, wato dafaffiyar shinkafa mai danƙo da ake naɗewa a ganyen ayaba, akwai yafiya ga kowa. Igiyar wutar sabuwar na'urar kuwa tana cikin jakata, jakar tana rataye a wuyana, kuma ba za ta sauka ba sai an yi ƙofa ta biyu.