Ranar da Na Shafa Jan Baki a Gaffati

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar bazara a Gaffati ba, cikin shekarun farin nan da suka kashe mana gyaɗa da shanu. Yanzu idan jikokina mata suka zo shagona a Damagaram suna juya kwalaye, wannan na neman hodar da ta dace da fatarta, waccan na son gashin ido na liƙawa, sai in zauna ina kallonsu kawai. Ba su san da fuskar kakansu aka buɗe wannan kasuwa ba.

Ni mutumin Guna ne, manomi ɗan manomi. A lokacin kwalliyar matanmu ba ta da wani dogon labari. Kwalli a tandu, lalle a hannu da ƙafa, katambiri don zanen fuska, furen taba da goro don jan haƙori, sai man shanu da shuni a kitso. Kusan komai daga gona ko daga garke yake fitowa. Da ruwa ya ƙi sauka, shanu suka faɗi, man shanu ya zama labari. Lallen ma ya bushe a tsaye. Samari suka yi ta kwarara Kano cin rani, wasu ko saƙon gaisuwa ba a sake ji daga gare su ba.

Ni ban tafi ba, kuma ba jarumtaka ce ta hana ni ba, Mariama ce. Yarinya ce ƴar Gaffati da nake nema. Mahaifinta, Malam Mamman, bai kore ni ba, bai kuma ba ni ba. Abin da ya ce wa kawuna shi ne, "Yaron yana da hankali, amma ban ga abin da zai ciyar da ita ba. A bari tukuna." A shekarar da rumbu ya zama wurin kwanan ɓeraye (su ma daga baya sun yi ƙaura), wannan "tukuna" ba ta da ranar ƙarewa.

Sai na shiga birnin Damagaram ina dako a kasuwa. A nan na saba da wani ɗan kasuwa Bakano, Alhaji Sabo, mai kawo kayan koli. Wata rana ya miƙo mini akwatin katako cike da hoda, jagira, man shafawa mai ƙamshi, da wasu ƴan sanduna masu murfi da ya ce sunansu jan baki. Ya ce, "Matan birni sun karɓa, ƙauye ne ban samu mai shiga mini ba. Je ka gwada. In ka iya, ƙauyukan nan duka naka ne. In ba ka iya ba, ga dako nan yana jiranka."

Na zaɓi Gaffati don in jefi gari da ido, ko Allah zai sa in hangi Mariama. Ban tsaya yawon ƙofa-ƙofa ba, na nufi bakin rijiya, don a lokacin can mata suke yini. Ruwa sai ya tsattsafo kaɗan-kaɗan, a jira ya taru, a ɗebi rabin guga. Na buɗe akwati a ƙarƙashin wani gawo, na fara kirari irin wanda na ji Alhaji yana yi.

Suka kewaye ni, suna shinshina hoda, suna dariya, amma babu mai taɓa jan bakin. Can sai wata tsohuwa mai kitso, Inna Gaji, wadda duk amaryar garin ta hannunta take bi, ta ɗauki ɗaya ta murɗa, jan abin ya leƙo.

Ta ce, "Ɗana, an ce wannan abu leɓe yake ci. An ce wata a birni ta shafa, bakinta ya saɓule."

Na ce, "Inna, ƙarya ce. Wannan ko jariri ya lasa babu abin da zai same shi." (Ban san da me aka yi shi ba. Har yau ma ba zan ce na sani sosai ba.)

Ta ce, "To shafa mu gani."

Na yi dariya, ina tsammanin wasa ne. Babu wadda ta taya ni. Na dubi akwati, na tuna buhunan da ke jirana a kasuwa, na tuna "tukuna" ta Malam Mamman. Na rufe ido na goga.

Inna Gaji ta ce ban iya ba, na shafa kamar mai shafe ɗaki da jar ƙasa. Ta kama haɓata ta gyara. Daga nan wata ta ce ita hodar take tsoro, an ce tana sa ƙuraje. Aka lafta mini hoda. Wata ta ce jagirar fa? Aka ja mini gira har kusa da kunne. Suka ce in zauna a ga ko leɓen zai faɗi. Na zauna, rana na dukana, matan gari na leƙa bakina kamar masu duba tukunya ko ta nuna.

Da suka ga leɓe na nan daram, Inna Gaji ta fara ɗauka. Ta ce wa sauran, "Yunwa ta tsage mana baki, ta dushe mana fuska. Ba sai kowa ya karanta ta a jikinmu ba." Wannan magana ta fi duk kirarina aiki. Wasu uku-uku suka haɗu a kan sanda ɗaya, wata ta kawo ƙwai, wata tabarmar kaba. Kafin rana ta take tsaka, akwatina babu komai sai ƙamshi.

Farin ciki ya sa na rasa hankalina. Aka kira azahar, na sa hannun riga na goge fuska sau biyu, na ɗauka shi ke nan. Ruwan rijiya kuwa ba abin da za ka roƙa don wanke kwalliya ba ne, mata sun yini a kansa. Na nufi masallaci. Randar masallacin a bushe take, kowa taimama yake yi, ni ma na dafa ƙasa na shafa fuska. Abin da ban lissafa ba shi ne maiƙo. Gogen da na yi bai cire komai ba, ya dai kai jan daga leɓe zuwa kunci, gumi ya yi wa hoda hanyoyi, ƙura kuma ta zo ta zauna a kai.

Na tarar an tayar, na shiga sahu da sauri. Liman ya sallame, na juya dama, wanda ke gefena shi ma ya gama ya juyo hagu. Malam Mamman ne.

Ya dube ni. Ya kau da kai ya ci gaba da tasbihi, sannan ya sake dubana, wataƙila don ya tabbatar ba yunwa ce ke nuna masa abubuwa ba. Wani dattijo a bayanmu ya soma tari irin na mai danne dariya. Sai a lokacin na dubi hannun rigata, na ga ja da baƙi da fari, na gane sauran yana ina. Da ƙasar masallacin ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Bayan addu'a ya ce in biyo shi waje. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa.

Ya ce, "Wa ya yi maka wannan aiki?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Amma an taimaka mini."

"A kan me?"

Na ba shi labari tun daga dako har bakin rijiya. Bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemunsa yana rawa. Ya tambaya, "Kayan fa, sun shiga?"

Na ce, "Ko ɗaya bai rage ba."

Ya shiga gida ya fito da ƴar butarsa. Ruwan da ke ciki bai fi a jiƙa maƙogwaro ba, kuma na san nasa ne na sha. Ya ce in tara hannu. Yana zuba mini yana cewa, "Ƴaƴan mutane sun gudu don kada a ga wahalarsu. Kai ka tsaya a gari an yi maka dariya don ka samu na abinci. Ka ce wa kawunka ya zo mu yi magana. Amma shi ya zo da fuskar da Allah ya ba shi."

A hanyar komawa birni ban san ƙafata na taɓa ƙasa ba. Alhaji Sabo ya cika alkawari, na zama mai kai kaya Gaffati da Guna har Dakusa, kuma duk inda na sauka labari ya riga ni. Mata sukan ce, "Ku saya, wannan ya gwada a bakinsa." Ba a taɓa yi wa ɗan kasuwa talla mai ƙarfin wannan ba. Ranar bikinmu Mariama ce amarya ta farko a garin da ta haɗa lallen Inna Gaji da jan baki, kuma ita da kanta ta gaya mini tana bakin rijiya a ranar da na shafa jan bakin, ta ɓuya a bayan wata ƙawarta, dariya ta hana ta tashi.

Tun daga lokacin kaya iri-iri sun bi ta hannuna, na gwangwani, na kwalba, har na yanzu masu launin da ban san sunansa ba. Darasin da na ɗauka bai da yawa. Kada ka rantse a kan hajar da ba za ka iya shafawa ba. Kuma in har ta kama dole sai ka shafa, bayan hannu ya isa.